Tambaya: ATP da UTP ƙara majina suke yi a hanyoyin numfashi, ko taimaka wa fitar da ita?

Ɗalibar Fiziyoloji

Assalamu alaikum malamai. Akwai abin da ya ɗaure mini kai game da ƙwayoyin gobilet, sel ɗin nan masu siffar kofi da ke cikin shimfiɗar maƙogwaro da rassan huhu, waɗanda ke tara miyusin, wani furotin mai yauƙi, su sake shi ya zama majina. A wani wuri za ka ga an ce ATP da UTP, ƙananan sinadaran sel da ake kira niyukiliyotaid, suna cikin mafi ƙarfin abubuwan da ke sa su zubar da miyusin. A wani wurin kuma a ce waɗannan niyukiliyotaid ɗin ne ke sa hanyar iska ta wanke kanta, har an yi ƙoƙarin haɗa magani a kan haka. To idan ƙara majina suke yi, ta yaya za su amfani wanda majina ta toshe wa ƙirji? Sannan ATP a cikin sel muka san shi, me ke fito da shi waje?

Akwai kuma matsalar gwaji. Sel ne na hanyar iskar ɗan Adam a renon ALI, sama iska ƙasa ruwan abinci, sun kai kwana 28, an ba su IL-13, wani furotin mai ɗauke da saƙon kumburi, rinin PAS mai kama miyusin ya nuna gobilet sun cika. Ana wanke samansu sau uku da ruwan gishiri na PBS, a zuba UTP µM 100, a kwashe bayan minti 30, a auna MUC5AC, ɗaya daga cikin nau'o'in miyusin, da gwajin antibodi na ELISA. Wanda aka sa wa UTP da wanda ba a sa wa ba kusan ɗaya suke fitowa. Ina gizo ke saƙar?

Malamin Bayokemistiri

Wa alaikumus salam Malama. Ki fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa: ƙera miyusin daban, sakinsa daban. IL-13 aikinsa ƙira ne. Yana bi ta STAT6 ya kunna SPDEF, furotin biyu masu kunna ƙwayoyin halitta, sel ɗin da a da ba gobilet ba ne su rikiɗe su cika da MUC5AC, kuma wannan kwanaki yake ci. Saki kuwa daga daƙiƙoƙi zuwa mintoci ne, kuma nan ne fagen ATP da UTP.

Riseftar da ke karɓar saƙon ita ce P2Y2, wadda a tsofaffin takardu za ki ga ana kira P2U. Tana kan tantanin sama, mai fuskantar iska. ATP da UTP ƙarfinsu kusan ɗaya ne a wajenta, ADP da UDP kuwa ba su da wani tasiri na a zo a gani. A 1992 ƙungiyar C. William Davis a Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill, Amurka, suka kalli gobilet na maƙogwaron kare ta madubin ƙara girma suna zubar da ƙunshinsu bayan an sa ATP. A 1993 aka nuna haka a na mutum da ATP da UTP, har da na masu cutar sistik faiburosis, cutar gado mai kaurara majina, inda aka ga sakin nasu lafiya lau yake. Daga baya aka ga cewa maƙogwaron ɓerayen da aka cire wa P2Y2 ya rasa mafi yawan amsar nan.

A cikin sel ga yadda abin yake tafiya. P2Y2 tana kunna Gq, shi kuma ya kunna PLC, wanda ke tsaga PIP2 na tantani gida biyu: IP3 da DAG. IP3 yana buɗe rumbun kalsiyam na ER. A gobilet, ER ɗin yana kusa da jakunkunan miyusin a saman sel, don haka kalsiyam yana tashi daidai inda ake buƙatarsa. Mai jin tashin kalsiyam ɗin a kan jaka shi ne Synaptotagmin-2. DAG kuma yana kama Munc13 da PKC, musamman PKCε. Munc13 ne ke buɗe sintaksin don SNARE, furotin da ke manne jaka da tantanin sel, su haɗu: VAMP8 daga ɓangaren jaka, SNAP23 da sintaksin-3 daga ɓangaren tantanin sel, Munc18b yana riƙe da su a tsari. Akwai kuma shingen aktin da ke ƙarƙashin tantanin sama, dole ya sassauta kafin jaka ta isa bakin fita. MARCKS, wanda ƙungiyar Kenneth Adler ta yi fice a kansa, a wannan matakin yake shigowa.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a ganina shi ne hanyar sakin iri biyu ce, kuma kayan aikinsu ba duka suke ɗaya ba. Akwai sakin yau da kullum, kaɗan-kaɗan ba tsayawa, wanda ya dogara da Munc13-2 da Munc18a. Akwai sakin gaggawa, mai yawa lokaci guda, wanda ya dogara da Synaptotagmin-2 da Munc18b. Ɓeran da ba shi da Munc13-2 miyusin taruwa yake a sel ɗinsa ko babu kumburi, amma in an ba shi ATP yana saki. Wanda ba shi da Munc18b a hanyar iska kuwa sakin kullum ɗinsa yana nan, na gaggawar ne ya lalace.

Yanzu ga tambayarki ta farko. P2Y2 ba a gobilet kaɗai take ba, tana kan sel masu siliya ma, wato ƙananan gashin da ke kaɗa majina waje, kuma saƙo ɗaya yana yin ayyuka da dama a shimfiɗar. Kalsiyam yana buɗe ƙofar kulorayid ta TMEM16A, gishiri ya fita, ruwa ya bi shi. Raguwar PIP2 tana rage aikin ENaC, ƙofar da ke tsotse sodiyam da ruwa daga saman shimfiɗa. Siliya suna ƙara saurin kaɗawa. Bayan haka enzayim da ke saman sel suna gutsure fosfet ɗin ATP har ya koma adenosin, shi kuma ya kama riseftar A2B, cAMP ya tashi, PKA ya buɗe CFTR, wata ƙofar kulorayid, sai kulorayid da baikabonet su fita. Kin ga miyusin da ruwan da zai jiƙa shi tare ake aiko su.

Dalilin da ya sa ruwan ya zama dole: a cikin jaka miyusin a dunƙule yake, kalsiyam mai yawa da ɗan tsami suna riƙe da shi. Da ya fito sai baikabonet ya ɗaga pH ya janye kalsiyam, sodiyam ya maye gurbinsa, miyusin ya kumbura ninki ɗaruruwa cikin ƙanƙanin lokaci. Kamar garin busasshiyar kuɓewa ne, in ruwa ya wadata ya yi yauƙi ya tafi, in ruwa ya yi kaɗan ya cure ya manne a tukunya. Majina mai lafiya kusan kashi 98 cikin 100 ruwa ce. In daskararren ɓangarenta ya haura zuwa kashi 6 ko 8, sai ta fara zuƙe ruwan da siliya ke kaɗawa a ciki, wanda tsayinsa µm 7 ne kacal, ta danne su, tafiya ta tsaya. Saboda haka ATP bai da laifi a kan kansa. Ɓarna tana zuwa ne idan gobilet sun yi yawa sun cika maƙil, ko ƙofar ruwa ta lalace, sai saƙon ya fito da miyusin da ya fi ƙarfin ruwan da ke wurin.

Mai Ɗakin Gwaji

Malam ya gama da na farko. Tambayarki ta biyu da ta uku amsarsu ɗaya ce, ƙanwata, shi ya sa zan haɗa su.

ATP yana fita ta hanya biyu da aka fi tabbatarwa. Sel masu siliya suna sakinsa ta ƙofar pannexin-1. Gobilet kuma suna fitar da shi a cikin jakar miyusin ɗin kanta, domin akwai mai ɗaukar kaya, VNUT ko SLC17A9, da ke loda niyukiliyotaid a ciki. Aikin Eduardo Lazarowski da Silvia Kreda ne ya nuna wannan, kuma sun ga ADP da AMP sun fi ATP ɗin yawa a jakar. Ma'ana jakar tana fitowa da abin da zai koma adenosin nan da nan. Abin da ke tayar da sakin shi ne motsi: gogar iska lokacin numfashi, tari, matsi, kumburin sel idan ruwan sama ya yi ƙarancin gishiri, har da jan da siliya ke ji idan majina ta yi kauri. A hutu ATP na saman shimfiɗa 'yan nM ne, ƙasa da abin da zai kunna P2Y2 sosai. In an taɓa sel yana iya kaiwa kusan µM 1 a daidai fatar tantani.

To wanki sau uku da fifet, bututun ɗiban ruwa, motsi ne. Kin riga kin tayar da P2Y2 da ATP na sel ɗin da kansu kafin UTP ya iso. Abu uku ne ke biyo baya. Jakunkunan da ke shirye sun zube a ruwan wankin da aka zubar. Riseftar ta dushe, domin P2Y2 tana daina amsawa cikin mintoci bayan an kunna ta, wani ɓangare ma a janye shi cikin sel. Sannan ramin farantin reno da kika ɗauka a matsayin ma'auni, wanda ba a sa wa UTP ba, shi ma an tayar da shi, don haka lambarsa ta hau.

Gyaran tsari ne, ba ƙarin UTP ba. Tsohuwar majinar da ta taru a kwashe ta tun kwana ɗaya ko biyu kafin gwaji. Ranar gwaji a yi wanki a hankali da ruwa mai ɗumin 37°C, a zuba a jikin bangon kofin ba a kan sel ba, a bar shi kamar minti 10 a inkubeta, a tsotse daga gefe ba tare da bakin fifet ya taɓa su ba. Sai a bar su su huta awa 1 zuwa 2, a maimaita, ana ajiye kowane ruwa ana aunawa. Ba a sa magani sai miyusin na zagaye biyu a jere ya sauko ya daidaita. Lokacin sa UTP kada a canza ruwan duka, a ɗiga kaɗan mai kauri a cikin wanda ke wurin. Faranti ma kada a riƙa jijjiga shi tsakanin inkubeta da tebur. Kowane rami a kwatanta shi da lambarsa ta kafin magani, domin yawan gobilet yana bambanta daga rami zuwa rami.

A ƙara waɗannan ramukan. Ɗaya da apyrase, enzayim mai rusa ATP, kamar U 5 a mL, tun daga wanki: in lambar hutu ta faɗi, kin tabbatar ATP na cikin gida ne ke ɗaga ta. Ɗaya da ionomycin ko PMA, waɗanda ke tsallake risefta: in su ma ba su fitar da komai ba, matsalar jaka ce ko awo. Ɗaya da AR-C118925XX, mai toshe P2Y2 ita kaɗai. Suramin, wani mai toshe risefta, yana taɓa abubuwa da yawa, ba a kafa hujja da shi. In za a yi amfani da U73122 don toshe PLC, a haɗa da ɗan'uwansa U73343 da ba ya toshewa.

Shi kansa UTP ba ya daɗewa. NTPDase1 da NTPDase3 da alkalin fosfatas na saman sel suna cinye shi, musamman a ɗan ruwa kaɗan, shi ya sa da yawa suka fi son ATPγS µM 100, nau'in ATP da ya fi jure wa enzayim. Kuma a sama ake sa shi, ba a ruwan ƙasa ba.

Sai awon kansa. In 45M1 ne antibodin ELISA ɗin, kada a sa DTT, mai tsinke haɗin salfa, a samfurin, domin wurin da yake kamawa yana rushewa idan an tsinke haɗin salfa. Amma kuma MUC5AC na sel da aka ba IL-13 yana manne wa saman shimfiɗa, kwashewa sau ɗaya ba ta ɗauko shi duka. A yi wanki na ƙarshe a haɗa da na farko, sannan a fasa sel a auna abin da ya rage a ciki, a ba da sakamako a matsayin kason da ya fita daga jimilla. A auna MUC5B ma, ɗaya babban miyusin na hanyar iska.

Ɗalibar Fiziyoloji

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Ke nan in sel na mutum sun yi wuyar samu, za a iya koyon tsarin da sel ɗin da ake renonsu a ɗakin gwaji irin su Calu-3 ko A549? Kuma Likita, in kina kusa: tunda saƙon yana kawo ruwa, me ya hana maganin da aka gina a kansa yin aiki?

Mai Ɗakin Gwaji

A549 da NCI-H292 don nazarin kunna ƙwayar halittar MUC5AC suke da amfani, ba don sakin jaka ba. Calu-3 yana da jakunkunan miyusin na gaske, amma amsarsa ga UTP rauni gare ta ko babu, shi ya sa masu aiki da shi suke tayar da shi da ionomycin. SPOC1, na maƙogwaron ɓera, an yi aikin P2Y2 mai yawa da shi tun farko. Ko wane kika ɗauka, fara da Fura-2, rinin auna kalsiyam, ki ga ko UTP yana ɗaga kalsiyam kafin ki ɓata kuɗin ELISA. Ki kuma kula da bambancin jinsi: wata riseftar, P2Y4, ta mutum UTP take ji, ta ɓera tana jin ATP da UTP duka, don haka a ɓera daidaiton ƙarfin biyun bai isa ya nuna P2Y2 ba.

Likitar Ƙirji

Malama, an gwada, kuma ba da wasa ba. Maganin shi ne denufosol, na kamfanin Inspire a North Carolina, an ƙera shi ya fi UTP jure wa enzayim, ana shaƙarsa sau uku a rana. Tunanin shi ne a sistik faiburosis CFTR ce ta lalace, to a zagaye ta a buɗe ɗaya ƙofar kulorayid ta hanyar P2Y2. Gwajin TIGER-1 na mako 24 ya nuna ɗan ƙarin FEV1, iskar da mutum ke iya hurowa da ƙarfi a daƙiƙar farko, da bai kai mL 50 ba a kan maganin bogi. TIGER-2 na mako 48 bai nuna bambanci ba, aka sanar a Janairun 2011, aikin ya tsaya. Dalilan da ake kawowa su ne tasirinsa gajere ne ko da an ƙarfafa shi, riseftar tana dushewa, kuma ita wannan riseftar ce ke sa gobilet zubar da miyusin, a huhun da gobilet suka riga suka yi yawa. Ba a ware wanne ne ya fi nauyi a cikinsu ba. Ɗan'uwansa diquafosol kuwa ya yi nasara a wani wurin: Japan ta amince da shi a 2010 a matsayin ɗigon ido na kashi 3 cikin 100 don bushewar ido, inda ake son ruwa da miyusin duka biyu daga gobilet na tantanin ido.

A asma lamarin ya juya. IL-13 ya cika sel da MUC5AC, sai sakin gaggawa ya zo a daidai lokacin da tsokar bututu ta matse. A ƙananan rassa, waɗanda faɗinsu bai kai mm 2 ba, majinar da ta kumbura tana iya rufe ramin gaba ɗaya, kuma toshewar majina abu ne da ake samu sosai a huhun waɗanda asma ta kashe. Salbutamol yana sassauta tsoka amma ba ya narkar da toshiyar. Sitiroyid yana rage ƙira a hankali, ba ya hana sakin abin da ya riga ya taru.

Kada kuma a ce a toshe saki baki ɗaya. Ɓerayen da aka cire wa Muc5b, a rahoton 2014, sun kasa share hanyar iska, ƙwayoyin cuta suka taru, da yawa suka mutu. Shi ya sa rabuwar da Malam ya ambata take da muhimmanci a wajenmu. A 2022 ƙungiyoyin Burton Dickey a MD Anderson, Axel Brunger a Stanford da Manfred Frick a Ulm suka fitar da wani guntun furotin, SP9, da ke shiga tsakanin synaptotagmin da SNARE. A sel na mutum da a ɓeraye ya rage sakin gaggawa ya bar na kullum. Wannan matakin ɗakin gwaji ne, ba maganin da ake rubutawa ba.

Ƙarin abu biyu daga ɓangaren asibiti. ATP da aka shaƙa yana sa tari da matsewar ƙirji, ta riseftocin P2X3 da ke kan jijiyoyin saƙo, abin da UTP ba ya kamawa. A kan P2X3 ɗin aka gina gefapixant na tari mai naci, wanda babbar illarsa gurɓata ɗanɗano ce. Sannan ipratropium da tiotropium suna toshe riseftar M3, wato suna rage aikin gilandodin da ke ƙarƙashin shimfiɗa, waɗanda asetilkolin ke sarrafawa. P2Y2 ta gobilet ɗin sama ba su taɓa ta.

Malamin Bayokemistiri

Likita, na yarda da duk abin da kika faɗa, sai dai zan ɗan ja Malama baya daga ɗaukar P2Y2 a matsayin ita kaɗai ce makunnin. Elastas, enzayim na fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutirofil, yana sa gobilet saki da ƙarfi, kuma a kakin mai bironkiyektasis ko COPD, cututtukan huhu masu daɗewa, shi ne ya yi yawa. Akwai rahotannin cewa riseftar P2X4 tana ƙaruwa a gobilet idan kumburi ya daɗe, ta ƙara kalsiyam a kan na P2Y2. Jakar miyusin kuma tana fitowa da UDP-gulukos, wanda ba a saurin rusa shi, yana kama P2Y14 a kan niyutirofil ya jawo su, su kuma su kawo elastas. Nan ne zagayen ke rufewa a cututtukan da suka daɗe.

Adenosin ma a yi hattara da shi. A ɓeraye masu kumburin alaji an nuna riseftar A3 tana ƙara sakin miyusin, amma a gobilet na mutum adenosin ba shi da wannan ƙarfin, aikinsa na fili a ruwa ne ta A2B. Don haka Malama, in za ki auna niyukiliyotaid a samfurinki, gwajin haske na lusifaras ATP kaɗai yake gani. Ki dafa samfurin a 95°C na minti 2 da zarar kin kwashe don kashe enzayim, ki raba biyu, rabi ga lusifaras, rabi ki sarrafa shi da kuloro-asetaldihaid ki kai na'urar rarrabe sinadarai ta HPLC, inda ADP da AMP da adenosin za su fito kowanne da lambarsa.